Shin na'ura za ta iya gane ƙurar furen da ke yawo a iskar Legas?

"Assalamu alaikum, Malam. Ni malamar makaranta ce a Agege, ina da ɗa mai shekara tara da ke fama da asma da yawan atishawa, kuma abin ya fi tsananta daga ƙarshen damina zuwa shigowar hunturu. Ƙanena da ke karatu a Jamus ya nuna mini a wayarsa yadda wata na'ura a garinsu take ƙirga ƙurar furen da ke cikin iska, har ta faɗi ta wace bishiya ce, ba tare da mutum ya sa hannu ba. Na sauke wata manhaja, ita ma kullum tana ba ni lamba ta Legas. Shin da gaske na'ura tana iya wannan aiki? Lambar da nake gani abin dogaro ce? In da za a kawo irin na'urar nan garin, za ta taimaki yara irin nawa?"

Wa alaikumus salam, Malama. Allah Ya ba yaron lafiya mai ɗorewa, Ya kuma saka miki bisa ɗawainiyar da kike yi da shi. Tambayarki ta ƙunshi abubuwa uku, wato ko na'urar gaskiya ce, ko lambar wayarki ta fito daga irin wannan na'urar, da kuma ko za ta yi aiki a iskarmu. Amsar ta farko ita ce e, akwai irin waɗannan na'urori kuma suna aiki. Ta biyu kuwa ina shakkarta ƙwarai, zan kuma faɗi dalili. Ta ukun ce ta fi buƙatar bayani, domin na'urar ba ta gane komai sai abin da aka riga aka koya mata, kuma tsirran da aka koya mata na wata ƙasa ne. Ni mai nazarin tsirrai ne, na shafe shekaru ina ƙirga wannan ƙura da idona a ƙarƙashin madubin likita a nan Legas, don haka daga wannan ɓangaren zan yi magana. Abin da ya shafi maganin yaron kuwa hurumin likitansa ne.

Abin da ake ƙirgawa

Duk wanda ya taɓa shiga gonar gero ko masara da sassafe lokacin da suke fitar da bununi ya san garin nan mai launin rawaya da ke maƙale wa a riga da gashin ido. Shi ne ƙurar fure, wato ƙwayoyin da ɓangaren namiji na tsiro ke saki domin su isa ga ɓangaren mace a samu iri. Kowace ƙwaya ƙarama ce ƙwarai. Ana auna su da maikiron, wanda shi ne kashi ɗaya cikin dubu na milimita, kuma mafi yawan waɗanda iska ke ɗauka suna tsakanin maikiron 10 zuwa 60, alhali kaurin silin gashin kai ya kai kimanin 70. Ta masara tana cikin manya, tana kusantar 100, shi ya sa ba ta yin nisa daga gona take faɗuwa.

Ba kowane fure ne ke damun mai asma ba. Tsirran da ke da fure mai kyau da ƙamshi, irin su mangwaro da darbejiya, ƙudan zuma da sauran ƙwari suke jira su ɗaukar musu, ƙurarsu tana da danƙo kuma kaɗan ce ke tashi sama. Masu cika iska su ne waɗanda furensu ba ya jan ido, kamar ciyayi irin su gamba da tofa da kyasuwa da kiri-kiri, da dangin jiji da aya-aya da ke wuraren dausayi, da dangin alayyafo da zaƙi-banza da ke fitowa a juji da gefen hanya. Waɗannan da iska suka dogara, don haka suke sakin ƙwayoyi ba adadi. Abin da ya sa ake iya rarrabe su shi ne kowace ƙwaya tana sanye da ɓawo mai tauri wanda ke da zane da ƙofofi irin na danginta. Ta ciyawa zagayayya ce mai ƙofa ɗaya, ta alayyafo tana da ramuka da yawa a duk jikinta, ta kwakwar manja kuma tana da kusurwa uku.

Tarkon hannu da muka gada

Tun a 1873 wani likita a Manchesta ta Ingila, Charles Blackley, wanda shi kansa yana da ciwon, ya nuna cewa ƙurar ciyawa ce ke haddasa murar da ke zuwa da lokaci, har ya riƙa ɗaura gilasai masu danƙo a jikin abin wasan yara da iska ke ɗagawa sama domin ya ga iya tsayin da ƙurar ke kaiwa. Amma kayan aikin da duniya ta dogara da shi har yau shi ne tarkon da J. M. Hirst ya ƙera a 1952 a cibiyar binciken noma ta Rothamsted, shi ma a Ingila. Injin yana zuƙar iska lita 10 a kowane minti, kusan yadda mutum ke shaƙa idan yana zaune, ta wata 'yar ƙofa mai faɗin milimita 14 da tsayin milimita 2. A samfurin da ake amfani da shi yanzu, a bayan ƙofar akwai ganga da aka naɗe da tef mai danƙo, tana juyawa milimita 2 a kowace sa'a, ta cika zagaye ɗaya a kwana bakwai.

Ga yadda aikin yake a hannu. Ranar Litinin da safe nakan hau rufin bene, in kashe injin, in ciro gangar in sa ta a akwatinta, in ɗora sabuwa. A ɗakin gwaji ana warware tef ɗin a kan wani ma'auni, a yanka shi gida bakwai, kowane yanki milimita 48, wato kwana ɗaya ke nan. Sai a ɗora kowanne a kan gilashi, a ɗiga masa wani ruwa mai kauri da ke rina ƙurar fure ta koma ja-ja ya bar sauran tarkace da launinsu, a rufe, a jira ya daskare. Daga nan mutum ya zauna da madubi mai girmama abu sau 400, yana bin layi-layi yana ƙirgawa. Ba a duba dukkan gilashin, wani kaso ake dubawa a yi lissafi a fitar da adadin ƙwayoyi a kowace mita kubik ta iska, wato iskar da za ta cika akwati mai mita ɗaya ta kowane ɓangare, a rana.

Tef ɗin nan yana ba da labarin unguwa fiye da yadda mutum zai zata. A watan Janairu yakan fito ruwan ƙasa saboda hazo, a watan Yuli ya cika da ƙwayoyin funfuna. Akwai lokacin da na riƙa ganin baƙaƙen layuka a wuri ɗaya kusan kowace rana, da na auna nisansu sai na ga suna faɗowa daidai sa'o'in da ake ɗauke wuta a kunna janaretan ginin da ke kusa da mu. Wani mako kuma na ciro tef ɗin fes babu komai daga ranar Alhamis, ashe zanzaro ne ya toshe ƙofar da laka yana gina gidansa, kwana huɗu suka tafi a banza.

Aibin wannan hanya a fili yake. Sakamakon Talatar da ta wuce ba ya fitowa sai bayan mako guda ko fiye, alhali uwa irinki yau take son ta san ko za ta bar yaro ya fita wasan ƙwallo. Ƙirgar tana cin sa'o'i, ƙwararrun masu yinta kaɗan ne, kuma idan aka ba mutum biyu gilashi ɗaya ba lallai lissafinsu ya zo ɗaya ba. Wannan ne ya tura mutane neman na'urar da za ta yi aikin da kanta.

Yadda na'urorin zamani suke gani

Na'urorin ba iri ɗaya ba ne, kuma bambancinsu yana da muhimmanci ga tambayarki. Akwai wadda take kwaikwayon abin da nake yi da hannu daki-daki. Misalinta shi ne BAA500 ta kamfanin Hund na Jamus. Tana zuƙar iska, ta tara ƙwayoyin a kan ɗan faifai mai danƙo, ta tura shi ƙarƙashin madubin da ke cikinta, ta ɗauki hotuna masu yawa daga saman ƙwayar zuwa ƙasanta, sannan kwamfuta ta kwatanta da hotunan da aka adana mata. Jihar Bavariya ta kafa irinta guda 8 a garuruwa daban-daban, ciki har da Munik, tsarin ya fara aiki a 2019, kuma yana sakin sakamako duk bayan sa'a uku. In ƙanenki a can yake, mai yiwuwa ita ya nuna miki.

Akwai kuma waɗanda ba sa kama ƙwayar ko kaɗan, a cikin tafiya suke duba ta. Poleno ta kamfanin Swisens na ƙasar Suwizalan tana jan iska lita 40 a minti, kuma duk ƙwayar da ta gifta sai a haska ta da leza daga ɓangarori biyu, a samo hoton siffarta cikin ƙiftawar ido. Hukumar yanayi ta ƙasar, MeteoSwiss, da ita ta sauya tsarinta na ƙasa baki ɗaya, ana samun adadi sa'a bayan sa'a. Rapid-E ta kamfanin Plair, ita ma daga Suwizalan, tana duba yadda ƙwaya ke warwatsa haske, tana kuma amfani da wata ɗabi'a ta abu mai rai, wato idan aka haska shi da wani irin haske da ido ba ya gani, sinadaran da ke jikinsa sukan mayar da wani ɗan ƙyalli mai launi, kuma ƙyallin ya bambanta daga wannan tsiro zuwa wancan. Ƙwayar yashi ba ta irin wannan ƙyallin, don haka hanya ce mai kyau ta raba mai rai da marar rai. Japan ta riga kowa shiga harkar da wata na'ura mai sauƙi, KH-3000, wadda girma da siffa kawai take dubawa, kuma ta yi musu amfani ne saboda a farkon bazararsu ƙurar bishiya ɗaya ce ta mamaye iska, babu abin rarrabewa da yawa.

Duk da bambancin idanunsu, ƙwaƙwalwar mafi yawansu iri ɗaya ce. Ana zuwa wurin bishiyar da aka tabbatar da sunanta, a debo ƙurarta sabuwa, a hura ta cikin na'urar a ɗakin gwaji, a ce mata duk abin da kika gani yanzu na wannan bishiya ne. Ana yin haka da dubban ƙwayoyi na kowane iri, har tsarin da ake kira ƙirƙirarriyar basira ya haddace alamomin. Idan aka fitar da ita fili, duk ƙwayar da ta shigo sai ta auna ta da abin da ta haddace ta ba ta sunan da ya fi kusa. Kamar almajiri ne da ya haddace fuskokin mutanen garinsu, in an kai shi wata kasuwa zai ga baƙo ya kira shi da sunan wanda ya yi kama da shi a gida. Na'ura mai kyau tana da gurbin cewa ba ta gane ba, amma sau da yawa ba ta yin shiru inda ya kamata.

Turawa sun san da wannan rauni. Ƙungiyar hukumomin yanayi ta Turai ta buɗe wani shiri mai suna AutoPollen a 2018 domin daidaita aikin, kuma a 2021 aka jera na'urori iri-iri a wuri ɗaya a Munik tare da tarkunan Hirst domin a ga wadda ta fi kusantar ƙirgar ido. Abin da aka sani a fagen shi ne masu kyau daga cikinsu suna yin daidai a kan 'yan nau'o'in da aka fi koya musu, suna kuma tuntuɓe idan adadin ya yi ƙasa ko wani abu mai kama ya shigo. Ɗigon raɓa da na hazon sanyi zagayayyu ne, girmansu kuma ya yi daidai da na ƙurar ciyawa, an kuma sha ganin na'ura ta ƙirga su a matsayin fure har sai da aka gyara mata karatu. Ita Bavariyar ma da ta kafa na'urori takwas, ta bar tarkunan hannu guda huɗu suna aiki tare da su.

Akwai iyakar da na'ura da ido suka yi tarayya a cikinta. Ƙurar ciyayi duk kamanninta ɗaya ne, gamba da tofa da kyasuwa ba sa rarrabuwa a madubi, sai dai a rubuta dangin ciyawa kawai. Mai son ya san takamaiman wace ciyawa ce sai ya bi ta gwajin ƙwayar halitta, wanda ke ɗaukar kwanaki a ɗakin gwaji.

Inda gizo ke saƙa a Legas

A ce yau an sauke ɗaya daga cikin waɗannan na'urori a tashar Apapa aka kafa ta a rufin wani bene a Ikeja. Abin da ke cikin kanta shi ne bishiyoyin ƙasashen sanyi, da zaitun, da wasu ciyayin Turai. Dangin ciyawa za ta iya ganewa gwargwado, tunda siffar ɗaya ce a ko'ina, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne domin ciyawa ce kan gaba a iskarmu. Amma kwakwar manja, da tsirran bakin lagun, wato tafkin Legas, da bishiyar nan mai siraran ganye da ke kuka idan iska ta kaɗa wadda aka shuka a bakin teku, da ɗimbin tsirran kurmi da ke kewaye da Ikorodu da Epe da Badagry, duk baƙi ne a wurinta. Ita wannan bishiyar ta bakin teku, Casuarina, ƙwayarta mai ƙofa uku ce, kuma tana kama da ta wasu bishiyoyin Turai ƙwarai, don haka ba zan yi mamaki ba in na'urar ta sanar da cewa bishiyar da babu ita a Afirka ta Yamma ta yi fure a Legas.

Na biyu shi ne hazo. Daga Disamba zuwa Janairu iskar arewa maso gabas tana kawo ƙura daga Sahara, babban tushenta kuma shi ne kwarin Bodele da ke ƙasar Chadi, wanda a da can ƙasan tafki ne. Shi ya sa a tef ɗin hunturu nake ganin ɓaraguzan ɓawon wasu ƙananan halittun ruwa masu kama da fasasshen gilashi, a haɗe da yashi da tokar ƙunar daji. A irin wannan rana ƙwayar fure ɗaya tana ɓoye a cikin dubban tarkace. Na'ura mai kama ƙwaya a faifai za ta ga faifan ya cika ƙwayoyi sun hau kan juna, mai duba su a cikin tafiya kuma za ta sha fama da cunkoso da dattin da ke taruwa a gilasanta. Kuma iskar da ta kawo ƙurar tana iya ɗauko ƙurar furen ciyayin arewa, ta yadda abin da ke shiga hancin yaro a Agege ba lallai a Legas ya tsiro ba.

Na uku shi ne damshi. Legas tana samun ruwan sama fiye da milimita 1,500 a shekara, iskarta a jiƙe take kusan kullum, ga gishirin teku da ke cin ƙarfe. A irin wannan yanayi ƙwayoyin funfuna sukan ninka na fure yawa a iska, kuma su ma suna tayar da asma. Na'urar da za ta amfane mu dole ta iya ƙirga su, alhali wannan ɓangaren ma a Turai bai kai na fure nisa ba. Sai kuma maganar wuta da intanet da gyara. Waɗannan na'urori suna son wutar da ba ta yankewa, wasunsu suna son sanyi, kuɗinsu ya ninka na tarkon hannu sau da yawa, kuma idan wani ɗan ɓangare ya lalace sai an jira shi daga waje. Na ga kayan aiki masu tsada da aka kawo da biki suka koma ƙarƙashin ƙyalle kafin shekara biyu, saboda an yi kasafin saye ba a yi na riƙo ba.

Ba na faɗin wannan domin in kashe gwiwa. A ganina Legas ta fi biranen Turai da yawa buƙatar wannan aiki, saboda yawan jama'arta da kuma yadda hayaƙin motoci da na janareta ke haɗuwa da ƙurar fure a hanyar numfashin da ta riga ta kumbura. Abin da nake cewa shi ne akwai aikin da dole ya riga na'ura, kuma ba daga sifili za a fara ba. Farfesa M. A. Sowunmi ta Jami'ar Ibadan ta fara wallafa siffofin ƙurar furen tsirran Najeriya tun a shekarun 1970, kuma masu bincike a sashen nazarin tsirrai na Jami'ar Legas sun yi ƙirga a unguwannin birnin, inda ciyawa da dangin jiji da na alayyafo da kwakwar manja suke yawan fitowa. Sai dai yawancin waɗannan ayyuka an yi su ne da tarkon da ake ajiyewa ƙura ta faɗa ciki da kanta a kwashe bayan wata guda, wanda ke nuna abin da ke akwai da watan da ya fi yawa, amma ba ya faɗin adadin da ke cikin mita ɗaya ta iska a rana kaza.

In da ni za a tambaya, da tarkunan Hirst biyu ko uku zan fara, ɗaya a cikin gari, ɗaya ta wajen ruwa, ɗaya ta arewacin birnin wajen Agege, a riƙe su aƙalla shekara uku ba yankewa domin a samu kalandar fure ta Legas. Afirka ta Kudu haka ta yi, a 2019 ta faɗaɗa ƙirga zuwa birane bakwai da irin wannan tarkon, ana sakin sakamako mako-mako. A lokaci guda a riƙa fita da sassafe da ambulan na takarda ana ɗaure wa kan ciyawa da reshen bishiya kafin su saki ƙura, a tabbatar da sunan kowane tsiro a ma'ajiyar busassun tsirrai, a tara abin da za a koyar da na'ura da shi. Sannan a kawo na'ura ɗaya, a kafa ta gefe da gefe da tarkon hannu har ta ga damina biyu da hunturu biyu, duk inda ta yi kuskure a gyara mata. Ya kamata tun wurin ciniki a rubuta cewa hotunan da ta ɗauka namu ne kuma za mu iya buɗe su mu duba, domin na'urar da ke ba da lamba kawai ba ta nuna abin da ta gani ba, babu hanyar kama kuskurenta. Hukumar yanayi ta NiMet, wadda dama take sanar da zuwan hazo, da hukumar kare muhalli ta jihar Legas, LASEPA, su ne gidajen da suka dace su riƙe irin wannan aiki tare da jami'o'i da asibitocin koyarwa.

Saurin na'urar yana da amfanin da bai kamata a raina ba. A ranar 21 ga Nuwamba, 2016, hadari ya taso a birnin Melbon na Ostireliya a daidai lokacin da ƙurar ciyawa ta cika iska, ƙwayoyin suka jiƙa suka farfashe zuwa ƙananan ɓarɓashi masu shiga can cikin huhu, dubban mutane suka cika asibitoci a dare ɗaya, mutum 10 suka rasu. Tarkon da ake karantawa bayan mako guda ba zai gargaɗi kowa game da irin wannan dare ba.

Lambar da ke wayarki

Yawancin manhajojin da ke ba da lambar ƙurar fure ga kowane gari a duniya ba awo suke yi ba, hasashe suke yi. Suna haɗa zafi da iska da ruwan sama da taswirar tsirrai daga tauraron ɗan Adam, su fitar da kiyasi. A inda akwai tashoshin awo da ake gwada kiyasin da su, kamar Turai, yana iya kusantar gaskiya. A inda babu abin gwadawa, babu mai iya cewa ya yi daidai ko bai yi ba. Ki buɗe manhajar ki duba abu biyu. Na farko, shin ta faɗi sunan tashar da aka auna da unguwar da take? Na biyu, waɗanne tsirrai ta lissafa? In kika ga sunayen bishiyoyin ƙasashen sanyi, ko kika ga an raba shekara zuwa lokuta huɗu irin na Turai, to ba iskar Agege take karantawa ba.

Haka kuma 'yan ƙananan na'urorin auna gurɓatar iska da ake sayarwa, waɗanda ke nuna PM2.5, ƙwayoyin da ba su wuce maikiron 2.5 ba suke ƙirgawa. Suna da amfani wajen gane ranar hayaƙi da hazo, kuma wannan ma ya shafi yaronki, amma ƙurar fure ta fi ƙarfin ma'auninsu.

Abin da ya shafi yaron

Lokacin da kika ambata, ƙarshen damina zuwa farkon hunturu, ya yi daidai da lokacin da nake ganin ƙurar ciyawa ta hau a kan tef, wato daga Oktoba zuwa Disamba, sa'ad da ciyayi suka gama girma suka yi kai kuma ruwan da ke wanke iska ya ja baya. Don haka zarginki yana da tushe. Amma a wannan lokacin ne kuma hazo ke shigowa, ake ƙona bola da ciyawa, mura ke yawo a makarantu, ake fito da barguna da rigunan sanyi da suka kwana a akwati da ƙura. A gari mai damshi irin Legas, wasu ƙananan ƙwari da ido ba ya gani da ke zaune a katifa da matashi da kafet, tare da kyankyaso da funfunar bango, suna cikin manyan masu tayar da asma duk shekara. Sai hayaƙin maganin sauro na kunnawa, da na risho, da turaren wuta, wanda na san gidajenmu ba sa rabo da shi. Ko da an kafa na'ura a kan rufinku, abin da ke iska za ta faɗa, ba za ta faɗi wanne ne jikin yaron ke ƙi ba.

Wannan sai gwaji a asibiti. Ana ɗiga ruwan abubuwan da ake zargi a hannu, a ɗan soka fatar, a jira kamar minti 15 a ga wanda ya tashi ya yi ja, ko kuma a gwada jini. Ki tambayi likita ko a cikin abubuwan gwajin akwai ciyayin ƙasashe masu zafi irin kiri-kiri, domin kayan gwajin daga waje ake kawo su, kuma yaro zai iya fitowa ba shi da komai a kan ciyawar Turai alhali ta bayan gidansu ce ke damunsa. In an rubuta masa abin shaƙa na kullum, a ci gaba da shi yadda aka tsara ko da ya samu sauƙi, kuma ki nemi likitan ya rubuta miki matakin da za ki ɗauka idan numfashi ya fara sarƙewa. Yaron da ya kasa ƙarasa magana saboda haki, ko haƙarƙarinsa ke lotsawa, ko leɓensa ya sauya launi, asibiti za a kai shi nan take.

Kafin ranar ganin likita, ki sayi ƙaramin littafi ki mayar da shi tashar awonki. Kowace rana ki rubuta kwanan wata, ko ya yi atishawa ko tari ko haki da kuma sa'ar da abin ya fara, sau nawa ya shaƙi magani, ko an yi ruwa ko hazo, ko an yanke ciyawa a filin makaranta, ko an kunna turare ko maganin sauro ko janareta kusa da taga, da inda ya kwana. In kun je gida arewa hutu, ki ci gaba da rubutawa a can, domin bambancin wuraren biyu yana bayyana abubuwa da yawa. Ciwon da ke tashi a waje da hantsi ranar busasshiyar iska, tare da ƙaiƙayin ido da zubar ruwa daga hanci, ya fi nuna ƙurar fure, wanda kuma ke tashi cikin dare a kan katifa ko lokacin shara ya fi nuna abin da ke cikin ɗaki. Ki fara tun daga Satumba ki kai har ƙarshen Janairu, sannan ki tafi da littafin wurin likita.